Kore, ja ko ruwan hoda: wane ruwan lagireto ya dace da motata?

Tambayar ta fito daga wata Hajiya, malamar makaranta a Gusau. Ta ce ta sayi Toyota Camry ƙirar 2009, 'yar Beljiyam, yau shekara biyu. Da motar ta iso, ruwan da ke cikin gorar lagireto ruwan hoda ne. Bakanikenta ya zubar da shi, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ruwan famfo ya wadatar. Yanzu ruwan ya koma ja kamar na kududdufi, allurar zafi kuma tana hawa duk lokacin da ta shiga cunkoso. Ta je shagon kayan mota, mai shago ya jero mata kore da ja da shuɗi, ya ce duk ɗaya ne, ta ɗauki kalar da ta kwanta mata. Shi ne take tambaya wanne za ta saya, kuma mu da ba mu san ƙanƙara ba, muna ma da buƙatarsa kuwa?

Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Bari in fara ba ki amsar da za ki shiga shago da ita, dalilai su biyo baya. Motarki tana son ruwan hodar nan na Toyota mai suna Super Long Life Coolant, wanda aka zubar miki. In ba a samu na ainihi ba, a nemi na wani kamfani da aka rubuta a jikin gorarsa cewa don motocin Asiya aka yi shi, mai fosfet, marar silikat. Amma kada ki yarda a zuba shi a kan wannan jan ruwan da ke ciki. Sai an wanke hanyar ruwan tas, an duba fanka da murfin lagireto da tamostat (ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi), in ba haka ba kuɗinki ne kawai zai bi ruwa.

Sunan abin ne ya fara cutar mu. Turawa sun sa masa antifiriz, wato mai hana daskarewa, domin a wajensu matsalar ke nan: mota ta kwana a waje cikin hunturu, ruwa ya zama ƙanƙara, ya kumbura, ya tsage inji. Sinadarin da ke wannan aikin shi ake kira etilin gilaikol. In aka haɗa shi da ruwa rabi da rabi, haɗin ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. A Gusau kuwa, ko Jos, ko tsaunin Mambila, ba mai ganin irin wannan sanyi. Ta nan bakanikenki yana da gaskiya. Zan ma ƙara masa wata gaskiyar da masu sayar da kulant, wato wannan ruwan lagireto na gora, ba sa son faɗa: ruwa zalla ya fi haɗin gilaikol ɗaukar zafi. Maganar hana tafasa ma ana zuzuta ta fiye da kima. Ruwa yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuma a wajen 107. Babban aikin murfin lagireto ne yake yin sa, shi da yake danne iska a ciki kamar tukunyar nan mai matse tururi. Murfin da aka rubuta 1.1 a kansa yana kai tafasar ruwa zalla sama da digiri 120, in kuma da gilaikol a ciki ta doshi 130. Riba ce, musamman a watan Afrilu da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, amma ba ita ce ta sa nake matsa wa mutane su sayi kulant ba.

Abin da ake saye da gaske shi ne maganin tsatsar da aka narka a ciki. Ɗan kaɗan ne, bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke gorar ba, amma shi ne ran abin, kuma shi ne ya raba wannan kulant da wancan.

Ki duba hanyar da ruwa ke bi a injinki. Kan injin alminiyam ne, gangar jikinsa ma haka, lagireton alminiyam ne da roba sama da ƙasa, ga bututan ƙarfe, ga famfon ruwa, ga ƙaramin lagireton hita da ke ɓoye bayan dashbod. Ƙarafa mabambanta in suka zauna cikin ruwa ɗaya mai zafi mai ɗan gishiri-gishiri, wuta 'yar ƙarama takan gudana tsakaninsu kamar a batir, ɗaya ya dinga cin ɗaya. Alminiyam ne yake shan kashi. Shi ba ya yin jan tsatsa a gani a farga, ramuka yake yi ƙanana kamar cin gara, sau da yawa a daidai inda gasket ke zama, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Jan da kike gani a ruwanki kuwa daga ƙarfen yake fitowa. Maganin tsatsa shi yake lulluɓe fuskar waɗannan ƙarafa da wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ya kuma hana ruwan yin tsami.

Akwai wata Hiace ta haya da aka taɓa kawo min, direban ya gaji da ita. An wanke lagireto sau biyu, an canza fanka, an cire tamostat, an ma sa mata lagireto mai layi biyu, amma da ta ɗauki fasinja ta hau titi sai ta tafasa. Muka kwance famfon ruwa. Daga waje lafiya lau yake, ba yoyo, ba ƙara, yana juyawa sumul. Da muka juya cikinsa, fukafukan da ke tura ruwa sun cinye, saura ɗan faifai mai baki kamar wanda ɓera ya gaigaya. Famfon yana ta juyawa shekara da shekaru, ruwa kuwa yana tsaye. Na tambayi direban me yake zubawa, ya ce ruwan rijiyar tasha, kullum da safe, jarka guda. Ya ɗauki famfon ya dinga jujjuya shi a hannu, bai ce komai ba.

Al'adar zuba ruwa zalla ba daga sama ta faɗo ba. Yawancin manyanmu a wannan sana'a a kan Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da suka koyi aiki, da tsofaffin Marsandi da Landiroba. Gangar injin ƙarfe ce mai kauri, lagireton tagulla ne, in ya huje a kai wa mai lagireto ya fasa kai, ya zura tsinken ƙarfe ya share bututu ɗaya bayan ɗaya, ya like da dalma, a ci gaba da tafiya. Waɗannan motoci sun jure wulaƙanci. Lagireton Camry ɗinki bututansa sirara ne ƙwarai, datti kaɗan ke toshe su, kuma in robar kansa ta tsage sabo ake nema. Mota ta canza, hannun da ke gyara ta bai canza ba.

Yanzu maganar kala. Gilaikol ba shi da kala, fari ne kamar ruwa. Rini ake zuba masa don a gane shi in yana yoyo, kuma babu wata doka a duniya da ta ce kaza kala ta kaza iri ce. Kowane kamfani da abin da ya ga dama. Ga misalin da nake ba yaran gareji. Ruwan hodar Toyota yana da fosfet, ruwan hodar Volkswagen da ake kira G12 ba shi da shi. Shuɗin Honda mai suna Type 2 ba shi da silikat, shuɗin BMW yana da shi. Koren da muka sani tun da can daban, koren da ke zuwa cikin Hyundai da Kia daban. Kama da wane ba ta wane. Mai shagon da ya ce miki duk ɗaya ne ya yi kuskure, wanda kuma zai ce miki ki sayi kowane ja tunda motarki Toyota ce, shi ma ya yi kuskure, ta wata ƙofar ya biyo.

Abin da ya kamata a karanta shi ne rubutun bayan gora. A can za ki ga ɗaya daga cikin gidaje uku.

Na farko shi ne tsohon yayi, ana rubuta shi IAT, galibi kore. Silikat da fosfet ne maganin tsatsarsa. Suna kama ƙarfe da wuri, amma suna ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. In kina da tsohuwar mota mai lagireton tagulla, wannan nata ne, ba sai an wahala ba.

Na biyu OAT, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Dex-Cool, mai kalar ruwan lemo. Shi ba silikat ba fosfet, wasu sinadarai ne da suke kama inda tsatsa ke shirin farawa kawai, don haka ba sa saurin ƙarewa, suna iya kai shekara biyar. G12 da G12+ na Volkswagen 'yan wannan gidan ne.

Na uku shi ne inda rikicin yake, gaurayen biyun, ana rubuta shi HOAT. Nan Turai da Japan suka raba hanya, kowa da hujjarsa. Ruwan sha a wurare da yawa na Turai yana da ƙarfi, cike yake da farar ƙasa, kuma fosfet in ya haɗu da irin wannan ruwa sai ya kwanta ya zama ɓawo a cikin inji. Sai masu ƙera motar Turai suka guji fosfet suka riƙe silikat kaɗan. Daga nan aka samu G11 da G48 da G12++ da G13, irin na Golf da Sharon da Marsandi da BMW. Japanawa kuma suka ce silikat yana iya rabuwa da ruwan ya zama kamar yashi mai laushi ko ya yi kauri, ya dinga goge robar da ke tare ruwa a famfo. Sai suka guji silikat suka riƙe fosfet. Toyota, Honda, Nissan, Mazda, da 'yan Koriya Hyundai da Kia, duk a nan suke. A gora za ki ga an rubuta P-OAT ko P-HOAT, ko kuma a ce don motocin Asiya. In littafin motarki yana nan cikin aljihun dashbod, buɗe wajen maganar kulant, za ki ga Toyota ta faɗa ƙarara: mai etilin gilaikol, marar silikat, marar amin, marar naitarait, marar boret. Masu Fijo 406 da 307 da ire-irensu su kuma lambar da za su nema a gora ita ce PSA B71 5110, masu Marsandi su duba lambar da ta fara da 325 a littafinsu.

Za ki kuma ga wasu lambobi irin su ASTM D3306 ko BS 6580 ko JIS K 2234. Waɗannan ma'aunan inganci ne na Amurka da Ingila da Japan. Ganinsu alama ce mai kyau, amma ba su gaya miki gidan da kulant ɗin ya fito ba. Gorar da ba ta da ko ɗaya, ba sunan kamfani, ba adireshi, sai hoton motar tsere da kalmomin yabo, ki ajiye wa mai ita.

Me zai faru in aka gauraya? Wani lokaci ba abin da ido zai gani, sai dai maganin tsatsar ya raunana, na shekara biyar ya koma na shekara ɗaya ko biyu. Wani lokaci kuma, musamman in akwai tsatsa da iska da ruwan rijiya a ciki, sai ya kama jikinsa ya yi kauri. Na taɓa buɗe murfin wata Golf na sa yatsa, abin da ya biyo ni kamar kunun tsamiyar da ya kwana. Mai motar ya ce duk inda ya tsaya aka ce ruwa ya yi ƙasa, abin da ke kusa yake saye. Akwai masu rubuta cewa nasu yana shiga kowace mota kowace kala. A hanya, don ciko, ba laifi. Amma in za a cika inji daga farko, ni dai na mai motar nake bi.

Sai ruwan haɗi, wanda a wajenmu ya fi zaɓen kulant ɗin kansa muhimmanci. Ki leƙa cikin butar mai shayi ko tukunyar da ake dafa ruwan wanka, za ki ga farin ɓawon da ya manne a gindi. Wannan farar ƙasa ce da ke narke cikin ruwan rijiya da na burtsatse, zafi ke fitar da ita. Injin mota kuwa buta ce da ke kan wuta kullum. Ɓawon yana kwanciya a inda ya fi zafi, ya zama kamar bargo tsakanin ƙarfe da ruwa, yana kuma toshe bututan lagireto. Kin kuwa ji abin da na faɗa game da fosfet da ruwa mai ƙarfi, wato kulant ɗin motocin Japan shi ne ma ya fi ƙin ruwan rijiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ruwan hodar Toyota da shuɗin Honda suke zuwa a haɗe daga kamfani, ba a ƙara musu komai.

Saboda haka ki duba gorar da kyau. In an rubuta 50/50 ko Ready to use ko Premixed, an riga an haɗa, zubawa kawai za a yi. Bakanike da yawa sukan sayi irin wannan su ƙara masa ruwa don ya auku, sun kashe shi ke nan. In kuma an rubuta Concentrate, tsantsa ne, sai an haɗa da tataccen ruwa, wanda masu batir ke sayarwa da sunan ruwan batir. A nan sai a yi hattara sosai. Ruwan batir iri biyu ne a shago ɗaya: akwai tataccen ruwa na ciko, akwai mai asid da ake zuba wa sabon batir. Sau da yawa gorarsu iri ɗaya ce. Mai asid in ya shiga injin alminiyam, sai dai a yi ta'aziyya. Ki sa a tambaya da baki, a karanta, in akwai shakka a bari. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba shi da farar ƙasa, in aka tare shi a mazubi mai tsabta aka tace da ƙyalle zai yi aiki. Fiya wata na sha ne, bai zama tatacce ba, amma ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Yawan haɗi, rabi da rabi shi ne ma'aunin da aka saba. A zafinmu ana iya sauka zuwa kashi 40 na kulant, 60 na ruwa, inji ya ma fi shan iska. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku kuma maganin tsatsar ya yi ruwa, kala kawai ta rage. Akwai kuma masu ganin tunda abu mai kyau ne, bari su zuba tsantsarsa ba ruwa. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin tsantsar gilaikol abin da take ɗauka na zafi bai wuce rabin na ruwa da kaɗan ba, mota sai ta fi da zafi.

Jabu fa? Akwai shi, ba a Gusau kaɗai ba. Ruwa ne da rini a gora mai kyau. Ki ɗiga kaɗan a yatsa ki murza, na gaske yana da santsi kamar mai mai ruwa-ruwa, jabu kuwa ruwa ne ƙarara. Gwajin da ya fi wannan shi ne a zuba kaɗan a ƙaramar kwalba, a rufe gam, a rubuta guba a jiki, a sa a firiza mai sanyi sosai ya kwana, in wuta ta yarda. Haɗin rabi da rabi ba zai daskare ba, ruwan rini zai zama dutse. Gwajin yana nuna akwai gilaikol ne kawai, bai nuna ingancin maganin tsatsa ba, kuma akwai kamfanonin kirki da suke yin na ƙasashe masu zafi mai ƙarancin gilaikol, su sukan rubuta haka a jiki. Kada kowa ya ɗanɗana da harshe wai don ya ji zaƙi, zan zo kan dalili. Mafi sauƙi dai, ki saya a wajen dilan da aka sani, ki duba hatimin murfi, in farashin ya yi arahar da ta ba ki mamaki ki tuna araha ba ta ado.

Ga yadda nake so a yi aikin motarki, kuma in da hali ki zauna a yi a gabanki. Da safe, inji da sanyi. A buɗe magudanar ƙasan lagireto a tare ruwan a roba, a buɗe ta jikin inji ma, domin wajen rabin ruwan a can yake maƙalewa. A cika da ruwa mai tsabta, a murɗa hita zuwa zafi, a tayar da mota har fanka ta ɗauka, a kashe, a bari ta huce, a zubar. A maimaita har ruwan ya fito fari. Ga irin jan da kika kwatanta, sau uku ko huɗu ba zai yi yawa ba, kuma zagayen ƙarshe a yi shi da tataccen ruwa. Gorar ajiyar nan ta gefe a cire ta a wanke da hannu, laka takan kwanta a gindinta. Kada a zuba omo, kumfarsa ba ta fita da sauƙi kuma yana cin alminiyam. Akwai maganin wankin lagireto na musamman, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Injinki yana cin wajen lita 6, don haka gora biyu ta lita huɗu-huɗu za ta isa har a rage na ciko. Bayan an cika a bar mota tana aiki murfi a buɗe, ana matsa tiyo, har kumfar iska ta daina fitowa. Washegari da safe a sake dubawa, yakan ɗan sauka.

Zan gaya miki wani abu tun yanzu don kada a zo ana cewa ai ga shi nan. Motar da ta shekara biyu tana shan ruwan famfo, in aka wanke ta aka zuba kulant, tana iya fara yoyo cikin mako ɗaya ko biyu, a famfon ruwa ko bakin tiyo ko gefen lagireto. Daga nan maganar nan ta samo asali, wai kulant yana fasa lagireto. Hujin yana nan tun da, tsatsa da laka ne suka toshe shi, wanki ya buɗe, kala kuma ta tona asiri, tunda ruwan hoda in ya bushe yakan bar farin gari mai ja-ja a wurin. Gara ya fito a gareji da ya fito tsakanin Tsafe da Funtuwa. Kada a zuba ƙwai ko garin barkono ko taba don toshe shi, abin da ya toshe huji zai toshe bututu.

Hawan allura a cunkoso kuma, kulant kaɗai ba zai magance shi ba. Motar da take lafiya a kan gudu amma take zafi a tsaye, iska ce ba ta isar ta. A duba fankokin nan biyu, suna tashi kuwa, kuma da ƙarfinsu? A leƙa tsakanin lagireto da kwandensar AC, ƙurar hunturu da ciyayi da leda sukan taru a can su zama kamar tabarma. A duba robar murfin lagireto, in ta tsage ko ta taurare a sayi sabo mai lamba ɗaya da na asali, abu ne mai araha da ke kashe inji mai tsada. Sannan ki tambayi bakanikenki ko ya cire tamostat ranar da ya zubar da ruwan hodar, don yawanci tare ake yin su, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Tamostat ɗin irin injinki yana fara buɗewa a wajen digiri 82. In babu shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar tana ta ƙara mai, ga kuma wata gajeriyar hanyar ruwa da shi ne yake rufe ta in inji ya yi zafi. Babu shi, wani ruwan sai ya dinga zagaye cikin inji bai je lagireto ba. A mayar da shi.

In kuwa baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake bi ba, ko kumfa na ta tasowa a lagireto ba ƙarewa, to maganar ta wuce kulant, gasket ce. A zaro sandar man giya ma a duba, domin a mota mai giyar otomatik bututun sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, in tsatsa ta huda shi ruwa da mai sukan gauraye.

Toyota ta ce ruwan hodar da aka zuba a masana'anta yana kai kilomita 160,000, na bayansa kuma 80,000. Wannan lissafin injin da bai taɓa ganin tsatsa ba ne. A taki motar, ni zan ce a zubar da zubin farko bayan shekara guda, don zai kwaso sauran dattin da wanki bai fitar ba, daga nan a koma duk shekara uku. A tsakani ki dinga duba gorar gefe da safe, ruwan ya tsaya tsakanin layi biyun nan, kalarsa garau. Ki ajiye ragowar a but. In kuma tsautsayi ya same ki a hanya babu shi, ki zuba duk ruwa mai tsabta da kika samu, inji da ruwan leda ya fi inji ba ruwa, in an dawo gida a gyara haɗin. Sai dai a jira aƙalla rabin awa kafin a taɓa murfi, a kuma dafa shi da tsumma mai kauri. Bayan hannuna na hagu har yau da tabon wannan gaggawar.

Masu manyan motoci, DAF da MAN da Howo, ku naku lissafin daban ne. Injin dizal mai hannun riga (bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki) da ruwa ke taɓawa kai tsaye yana girgiza, ƙananan kumfa suna fashewa a jikin hannun rigar har su huda ta, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ku nemi kulant na manyan injuna, irin mai lamba ASTM D6210 ko wanda kamfanin motar ya ambata, ba na ƙananan motoci ba.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta. Etilin gilaikol guba ce, kuma muguntarta ita ce tana da zaƙi, ga kala kamar lemon kwalba. Tana lalata ƙoda, kuma wanda ya sha zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau ko kamar mai maye a awannin farko. Ɗan'uwansa ne, dayetilin gilaikol, ya shiga wani maganin fitar haƙorin jarirai a Najeriya a 2008, yara 84 suka rasu. Kada a taɓa juye ragowar kulant a gorar lemo ko ta ruwan sha, ko da na awa ɗaya ne. Tsohon ruwan da aka zubar daga mota kada a bar shi a buɗaɗɗiyar roba ko a kwarara shi a tsakar gida inda akuya da kaji da kyanwa za su lasa, kada kuma a zuba shi kusa da rijiya. A juye a jarka, a rufe, a rubuta a jiki. In yaro ya sha, ko da kurɓa ɗaya ake zato, ba maganar manja ko madara ko jiran a ga alama, a wuce asibiti nan take, a tafi da gorar a hannu don likita ya karanta abin da ke ciki.